Kalmar da Na Ƙaga wa Mahaifina

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina dillancin shanu, daga karar Garuwa, wato kasuwar shanunta, zuwa ta Adumri da Pitowa, kuma da abu ɗaya aka san ni: ba na tsaya wa saniyar da ban san asalinta ba. A sana'armu, in ciniki ya faɗa, dillali yakan ɗora hannu a tozon dabbar ya ce, "Na tsaya mata." Wato ya san garken da ta fito, ba ta sata ba ce, ba a kuma yi mata kwaskwarima ba. In magana ta tashi daga baya, shi za a nema, ba mai saniya ba. Ni ban taɓa ɗora hannuna a kan abin da ban gani ba, har abokan sana'a suna yi mini tsiya wai ko gaisuwa aka kawo mini sai na buɗe mata baki na duba haƙora. Ban musa ba. Shekarun saniya a gindin ƙahonta suke, layi bisa layi, kuma na sha ganin yadda macuci ke kankare su da fasasshiyar kwalba, ya shafe da man gyaɗa, guzuma ta tashi karsana. Wanda ya ga wannan sau goma ba ya ƙara yarda da ƙaho mai sheƙi.

'Yata ta uku ta ci sunan mahaifiyata, shi ya sa uwata nake ce mata. Ita kaɗai ce a gidan ta wuce lise, wato sakandare, ta tafi jami'a a Ngawundare. Na sa rai za ta dawo likita, ko dai ta samu teburi a kamfanin auduga. Da na tambayi abin da take karantawa, aka ce mini ilimin harsuna. Na ce to, tafinta ke nan, ba laifi, ko da yake ban ga abin karantawa ba a garin da kowane mai sayar da goro yake ciniki da Fulatanci, ya yi faɗa da ɗan sanda da Faransanci, ya koma gida ya zagi 'ya'yansa da Hausa.

A hutun shekararta ta huɗu, wata rana da la'asar na dawo daga kara na same ta a gindin darbejiyar tsakar gida da wani littafi mai kauri. Na leƙa. Kalmomi ne a jere, kowace da ɗan tauraro a gabanta, wasu har da lamba maƙale a gindin harafi kamar kaska.

"Uwata, wane yare ne wannan?"

"Uwar yaruka ce, Baba. Faransanci da Ingilishi da Farisanci da yaren nan na finafinan Indiya duk zuriyarta ne. An yi ta dubban shekaru da suka wuce, mutanenta ba su san rubutu ba."

"To wa ya rubuta wannan?"

"Masana. Sun jera 'ya'yan suka kwatanta, suka gano yadda uwar take."

"Tauraron fa?"

"Alama ce cewa ba wanda ya taɓa jin kalmar, ba wanda ya gan ta a rubuce. Gano ta aka yi."

Na zauna a bakin tabarma. Na ce wato su da kansu sun sa hannu ba su gani ba, ba su ji ba, kuma a kan haka ake ba mutum takardar shaida? Ta yi dariya, ta ce ai da zan san su da na so su, makiyaya ne irinmu, har kalmarsu ta saniya an tono. Na ce Allah Sarki, ita saniyar ce ta ba da labari?

Ba ta ji haushi ba. Ta rufe littafin ta ce, "Baba, ka tuna yadda marigayi Kaka yake ce wa firiji firigo? Bature frigo ya ce. Kaka kuwa harshensa ba ya yarda baƙi biyu su haɗu a farkon kalma, sai ya cusa wasali a tsakani, bai ma san yana yi ba. Mashin ɗin haya ma, da ake ce wa clando, kilando yake ce masa. To haka 'ya'yan wannan yaren suka yi. Akwai wani sauti na maƙogwaro a tsakiyar kalmar uba, ya yi musu nauyi. Wannan ɗan ya sa a, ya ce pater. Wancan ya sa i, ya ce pitar. In ka san halin kowanne, sai ka zare abin da ya cusa, ka ga abin da uwar ta bari."

Gaskiya ne, haka mahaifina yake magana, har ya koma ga Allah bai taɓa cewa frigo ba. Wannan ya ɗan taɓa ni, amma ban nuna ba. Ta ci gaba, wai wani masani ya taɓa cewa dole akwai sautukan da suka ɓace a yaren, ba shi da hujja sai kwatance, har ya mutu. Bayan shekaru aka karanta wasu allunan yumɓu da aka tono a ƙasar Turkiyya, sai ga sautin zaune daidai inda ya ce.

Na ce, "Wa ya binne allunan?"

Mahaifiyarta tana tankaɗe a ƙofar madafa, ta ce, "Malam, kai dai ko Aljanna aka nuna maka sai ka tambayi takardunta."

A wannan hutun na gane inda maganar ta dosa. Za ta rubuta kundi, ta tsaya gaban malamai ta kare shi, abin da suke ce wa sutanans. In ya yi kyau, akwai wani farfesa a Turai da zai ɗauke ta ta je ta zurfafa a kan wannan uwar yarukan. Kundin kuwa a kanmu za ta yi shi: tsofaffin kalmomin mahauta da fataken shanu na Garuwa da Rai Buba da Kaele da Kusiri, yadda suka shigo bakin Bahaushe daga Fulatanci da Larabcin Shuwa da sauransu, da yadda harshe ya lanƙwasa su. Dabarar ɗaya ce, in ji ta. Abu biyu take nema a wurina. Na farko kalmomin mahaifina, don shi mahauci ne kuma ya yi koren shanu tun yana saurayi, ni ne kuma na tashi a gindinsa. Na biyu izinin tafiya.

Ban yi zargin tarbiyyarta ba ko kaɗan, na san abin da na haifa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kada a sayar mata da guzuma. Wane ne wannan farfesan, me zai ci a ciki da zai ɗauki 'yar dillali daga Garuwa ya koya mata yaren matattu? Ruwa ba ya tsami banza. In ilimin iska ne, to ƙuruciyarta za ta bi iska, ta dawo da furfura da jakar taurari. Ba ni da hanyar auna farfesa, amma ina da hanyar auna ido.

A kara, in mutum ya ce yana so a fara kiransa dillali, manya ba sa yi masa wa'azi. Sai su samo guzuma, su kankare mata ƙaho da kansu, su gyara ta tsaf, su jefa ta cikin karsana huɗu ko biyar, wani dattijo ya riƙe igiya ya ce masa zaɓi. In ya tsame ta ya ce wannan an taɓa ta, ya ci. In ya yaba ta, sai a yi dariya a ce ya koma ya ƙara shekara. Ba a ɗaukar wannan ƙarya, gwaji ne, ni ma haka aka yi mini. Na ce to, bari in ga ko ilimin nan yana da ido.

Kwana huɗu muna zama da hantsi, tana tambaya ina ba ta. Na ba ta sunayen yankan nama da yanzu ba a ji, da sunayen launin shanu, da abin da mahaifina yake ce wa tsokar da ake aika wa maƙwabci ba tare da ya roƙa ba. Sun haura talatin, kuma duk gaskiya ne, wasu ma ban san ina riƙe da su ba sai da suka faɗo. Na ji daɗin zaman nan fiye da yadda na nuna. A rana ta huɗu ta tambaye ni ɗan naman nan da ke tsakanin tozo da wuya, ko yana da suna. Ba shi da shi, ko kuma ni ban sani ba. Daidai lokacin iska ta tura ƙyauren langa-langa na zaure ya yi ƙara, sai na ji bakina ya ce, "Kranga."

Alƙalaminta ya tsaya.

"Kranga, Baba? Ko karanga?"

"Kranga."

"Haka Kaka ya faɗe ta? Ba komai a tsakani?"

"Haka na ji ta."

Ta daɗe tana kallona, ni kuwa na mayar da ido kan awaki. Ina jira ta jefo mini abata ta ce Baba wannan an taɓa ta. Da ta yi haka, wallahi da a ranar zan ce ta tafi duk inda take so. Sai ta sunkuya ta rubuta.

Abin da na ji iri biyu ne. Na ji daɗin mai gaskiya, na ce a raina ga ilimin naku nan, an miƙa masa guzuma ya saya har da godiya. Na kuma ji wani ɗaci, don ban so ta faɗi ba. Na ce gobe zan gaya mata. Goben ranar kasuwar Adumri ce, na fita tun da sassafe. Jibi baƙi suka zo daga Rai Buba. Kafin in ankara hutu ya ƙare, na raka ta tasha ta hau kar, babbar motar fasinja. Kuma kada in yi wa kaina ado, ba mantuwa kaɗai ba ce. Na so in ajiye abin a aljihu, ranar da ta zo neman izini in fito da shi in ce duba abin da za ki ƙetare teku dominsa.

Ban san an bar ni a baya ba sai da damina ta faɗi. Ta yi waya ta ce za ta biyo ta gida, za ta wuce Kaele. Na ce me aka ajiye miki a Kaele? Ta ce ba ni na gaya mata Kaka ya yi damina biyu a can yana saurayi ba, lokacin da ciwo ya kama garken da yake kora? Na ce haka ne, kuma haka ɗin ne. Ta ce to a wasu yarukan wajen baƙi biyu suna haɗuwa ba wasali, ƙila a can ya ɗauko kalmar tun harshensa bai gama ƙagewa ba, shi ya sa ita kaɗai ta tsira. In ta samo tushenta, wannan babin zai fi kowane babi a kundin.

Sau uku ta je. Ta zauna a gidajen tsofaffi a ƙauyukan masu noman auduga, ta bi su gona, ta jira su gama shan abin da suke sha su amsa mata. A zuwa na biyu motarsu ta kafe a laka suka wuni a hanya, ta iso gida da zazzaɓi, leɓɓanta duk sun bushe. Kwana biyar tana kwance, tana tashi ta ce mini wani tsoho ya ce kamar ya taɓa jin makamanciyarta. Na san irin wannan tsohon. A kara ma akwai shi, wanda ba ya son baƙo ya tafi hannu sake, in ka ce masa saniyar nan ta yi kama da ta wane sai ya ce ƙwarai kuwa.

A nan zargina ya juya. Na fara tunanin ko ta gane tun ranar farko, wasa take yi da ni, tana jira in gaji in faɗi da bakina. Yarinyar da ta san Kaka ba ya cewa frigo, ta yaya za ta haɗiye wannan? In ta ambaci kalmar muna cin abinci sai in bi fuskarta da kallo, ina neman ɗan murmushin mugunta a gefen baki. Ban samu ba. Na ce ai gwanar ɓoyewa ce, jinina ce. Har na je na tambayi mahaifiyarta ko yarinyar nan ta ce mata wani abu a kaina.

Ta ajiye muciya ta dube ni. "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Me ka yi, Malam?"

Na ce ba komai, na fita.

Abin da ya fi ba ni tsoro a mayanka na same shi. Ashe ta zaga wurin tsofaffin mahautan Garuwa tana tambaya, ta kuma gaya musu daga bakina ta ji. Yawancinsu sun ce ba su sani ba. Amma wani abokina, wanda muka yi wasan ƙasa tare, bai so 'yar cikina ta ga na fi shi sani ba, ya ce eh, kamar dai tsofaffi suna faɗa. Daga nan mahauta suka ɗauka suna raha da ita. Wata safiya ina tsaye ana fiɗa, na ji ɗaya ya ɗaga murya ya ce wa ɗan'uwansa, "Cire mini krangar nan ka ajiye wa Alhaji!" Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, tawa kuwa ga ta har ta fara rarrafe a mayanka. Na ma soma raya wa kaina cewa in aka ƙara shekara biyu ta zama gaskiya, kowa ya huta. Shaiɗan ba ya rasa lissafi mai daɗi.

Saura wata ɗaya sutanans ta zo gida da murna. Farfesan na Turai ya karanta kundin, babin nan ya fi burge shi, ya ce in ta kare lafiya gurbinta yana nan a shekarar. Abu ɗaya ya nema: tunda kalmar ba ta da wani tushe tabbatacce sai mutum ɗaya, a ɗauko muryar mutumin. Na ji haushin Baturen, na kuma ji ya burge ni, don ni ma abin da zan nema ke nan.

Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta ajiye 'yar na'urar ɗaukar magana a tsakaninmu. Mahaifiyarta ta kore awaki don kada su yi kuka a ciki. Na sa babbar riga kamar na'urar tana gani.

"Baba, za ka faɗi sana'arka da shekarunka, da wanda ka ji kalmar a bakinsa. In ka gama sai ka ce ka tsaya mata, yadda kuke yi a kara."

"Wannan kuma na mene ne?"

"Na yi shafi guda a kai. Na bayyana musu abin da ake nufi in dillali ya ce ya tsaya wa saniya, na kuma gaya musu a Garuwa kowa ya san ba ka taɓa faɗinta a kan abin da ba ka gani ba. Shi ne ƙarfin hujjata. Kai ne allon yumɓuna, Baba."

Tana dariya ta faɗi haka, ta danna na'urar. Na faɗi sana'ata. Na faɗi shekaruna. Na ce mahaifina mahauci ne, Allah Ya jiƙansa. Na buɗe baki in ci gaba, sai na ga hannuna na dama ya tashi da kansa yana neman tozo, yadda ya saba shekara talatin. Ba tozo a wurin, sai gwiwata. Na san in na yi shiru da gaskiya za ta tafi Turai a bana, ta gina gidanta a kan ƙarar ƙyauren zaure. Na san in na faɗa na rushe mata shekara guda da hannuna. Duka biyun na auna su, kuma ba zan ce tausayinta ne ya rinjaye ni ba. Kalmomin nan uku ne suka ƙi fita.

Na ce, "Kashe abin nan, uwata."

Ta kashe.

"Kakanki bai taɓa faɗin wannan kalmar ba. Ni na ƙage ta. Na so in ga ko ilimin naku zai kama ta."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dubi na'urar, ta dubi littafinta. Ni kuwa, don baƙin hali, har a lokacin ina duban fuskarta ko zan ga alamar da ma ta sani. Babu. Abin da na gani shi ne fuskar wanda aka mara bai san laifinsa ba.

"Ya kama ta, Baba," ta ce a hankali. "Tun kafin ka rufe baki ya kama ta. Shi ya sa na tambaye ka sau biyu. Mako guda na yi a Ngawundare ina cewa ba za ta yiwu ba, Kaka ba zai iya furta wannan ba. Da wani ne ya ba ni, ko Sarkin Fawa ne, da ban rubuta ba. Amma kai ka faɗa. Sai na ce ƙa'idar ce ba ta cika ba, na tafi neman inda ta yi giɓi."

Na so in ce mata ai a kara saniya ake dubawa, ba a duban mai riƙe da igiya. Wannan ne darasin gwajin gaba ɗaya, kuma kowane ɗan kara ya san shi. Amma ita ba 'yar kara ba ce, 'yata ce, kuma ni ne na riƙe igiyar. Na haɗiye maganar.

Mahaifiyarta tana tsaye a ƙofar madafa, ta ji komai. Ta juya ta koma ciki.

Can 'yata ta buɗe littafin a shafin farko na zamanmu, inda kalmomin mahaifina suke a jere da rubutunta mai kyau.

"Sauran fa?"

"Sauran gaskiya ne. Wallahi tallahi, kowace daga bakinsa na ji ta."

"Baba, in aka kama dillali ya tsaya wa saniyar da aka taɓa, me ake yi da sauran da ya tsaya wa?"

Ni na koya mata wannan tun tana ƙarama, tana bina da tambaya in na dawo daga kara. Na ce, "Ana sake bincike. Wadda aka samu wani mai shaida, ta wuce. Wadda ba a samu ba, a fitar da ita."

"To haka zan yi."

Na ce ba wanda ya sani sai mu uku, ta cire guda ɗayan kawai ta bar sauran. Kun ji ni, mai tsaya wa gaskiya, ina koya wa 'yata kankare ƙaho. Ta girgiza kai.

Da hannunta ta rubuta wa malamanta da farfesan abin da ya faru. Ban san yadda ta kira ni a wasiƙar ba, ban kuma tambaya ba. Aka ɗaga sutanans zuwa shekara mai zuwa, gurbin Turai aka ba wani. Ta koma ta bi tsofaffin mahauta ɗaya bayan ɗaya, har Rai Buba da Kusiri, da kalmomin mahaifina a hannu, ba ta kuma sake gaya wa kowa daga bakin wa ta ji su ba. Fiye da rabi ta samu masu shaida. Sauran, goma sha wani abu, ba wanda ya san su. Masu su sun mutu, ni kaɗai na rage. Ni kuwa na je mayanka na tsaya gaban abokina da sauran mahauta na ce kalmar nan da kuke raha da ita ƙaryata ce, ku bar ta. Abokin nawa ya ce ai da ma shi bai yarda da ita ba.

Ta kare kundinta lafiya. Bayan shekara biyu gurbi ya sake buɗewa, ban jira ta nemi izini ba, ni na kai ta tasha. Yanzu tana can tana fama da taurarinta, in ta yi waya takan gaya mini wane sauti ne ya ɓace, wane wasali ne ya tsiro a gurbinsa, ni kuma in saurara ban tambayi wanda ya binne allo ba. Tana gaishe ni yadda ta saba, tana aiko mini da maganin gwiwa. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sai dai tun daga ranar, in na ba ta labarin wani abu na da, takan ce, "Baba, wa kuma ya sani?" Ba da gatse take faɗa ba, ta saba ne.

Kwafin kundin yana ɗakina, a kan akwati. A shafin farko ta gode mini. Na sa an karanta mini jerin kalmomin tun daga sama har ƙasa, ina bi ina ƙirga waɗanda babu. A cikinsu akwai wadda ta fi tsaya mini. In za a haye kogin Binuwai da garke, shanu sukan yi cirko-cirko a bakin ruwa, sai wata saniya ɗaya ta fara sa ƙafa, sauran su bi. Mahaifina yana da sunan da yake kiran irin wannan saniyar, kuma da sunan yake kiran mahaifiyata in ransa ya yi fari. Na ji shi da kunnena ya fi sau ɗari, ina jin muryarsa yanzu haka da nake rubutu.

Na yi niyyar sa ta a nan, don kada ta bi ni kabari. Na ɗora alƙalami, sai na tuna kun riga kun karanta abin da ke sama, kuma ba ni da mai shaida.